Mutanen da Auta Ya Buge

Mu gidan fawa ne. Kakanmu mahauci, babanmu mahauci, ni ma da wuƙa a hannu na yi wayo. Duk wanda ya san mahauta kuwa ya san inda ake fawa ana dambe. A gidanmu na Ƙofar Sauri ba a tambayar yaro ko zai yi, sai dai a duba wanne hannun ne ya fi masa nauyi a ɗaure masa zare. Na yi nawa na 'yan shekaru, ina bin manyanmu ƙauyuka in an gama girbi. Ban yi suna ba. Amma sau ɗaya na kashe wani ƙato da ya fi ni tsawo da kauri. A dambe in ka kai mutum ƙasa an ce ka kashe shi, ko da zai miƙe ya karkaɗe wandonsa ya tafi gida. Wannan kisa guda ɗaya shi na yi ta ba da labarinsa har haƙorana suka fara zubewa.

Ƙanena shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, saboda haka Auta kowa ke ce masa, har yau da gemunsa ya yi fari. Ɗan ƙarami ne, siriri, ƙafafunsa kamar sillen kara, amma yana da ido da sauri. Tun yana yaro in ka kai masa ranƙwashi, iska za ka ranƙwasa. Da ya tasa, Baba ya tura shi Kaduna wajen wani ƙanensa mai teburin nama. A can ne ya faɗa hannun masu damben Turawa, wanda ake sa safar hannu a shiga cikin igiya. Bayan 'yan shekaru ya ajiye wuƙa gaba ɗaya, dambe ya zama sana'arsa. Ana ɗaukarsa zuwa Legas, har ƙetaren iyaka an kai shi.

Abin da ya tsaya mini a rai tun farko shi ne sikeli. Ranar da Auta ya gaya mana wai kafin wasa sai an tuɓe kowa an ɗora shi a kan sikeli, kuma ba a haɗa ka sai da wanda nauyinku ya zo ɗaya, dariya muka yi har Baba ya ƙware. Mu a wajenmu sikeli na masu awon gyaɗa da auduga ne. Baba bai taɓa auna nama ba, da ido da hannu yake kasawa. To ga ɗansa ana auna shi kamar buhu. Kuma don kada nauyin ya wuce, in wasa ya matso sai ya daina cin nama. Ɗan mahauci! Inna za ta yi farfesun kai ta ajiye masa, ya kurɓi romo sau biyu ya ture, ta koma ɗaki tana share ido. Da sassafe ya fita gudu, ya zagaya ta Ƙofar Durbi ya dawo jiƙe sharkaf, mutane na tambayarmu ko lafiyarsa ƙalau.

Ni kuwa na samu abin faɗa. Ina cewa a dambenmu namiji fitowa fage yake yi ya miƙa hannu ga wanda ya ga dama, ba mai tambayar kilonsa nawa. Wanda sai an auna masa abokin karawa, wannan wasan yara yake yi.

Sai ga shi Auta ya ci kambun ajinsu, ajin marasa nauyi. An buga hotonsa a jarida, hannu a sama, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya zo gida da wata faffaɗar ɗamara mai ƙyalli, unguwa ta cika. Da la'asar ya kawo ta majalisarmu, ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin layi, inda muke zama har yanzu. Mutane suna ta shafa ta suna sa albarka. Shi kuwa ni yake kallo. Na san ni yake kallo.

Na karɓi ɗamarar na juya ta, na miƙa masa abarsa, na ce, "Auta, wa ka buge? 'Yan tsaki aka auna maka. Ka bugi wanda ya fi ka, sannan mu yi magana."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "To, Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bai shekara ba muka ji ya bar ajinsa ya haura aji biyu. Daga baya na ji mai horar da shi har roƙonsa ya yi kada ya yi haka, ya ƙi. Ya yi ta cin abinci har ya cika ya zama wani mutum daban. Da aka sa ranar wasan a Kaduna ya aiko takanas in zo, na tafi. Shi ne karo na farko da na kalli Auta a cikin igiya, kuma shi ne na ƙarshe.

Mutumin da aka haɗa su ba wani dodo ba ne. Kawai dai shi nauyin nasa ne na haihuwa, Auta kuwa aro ya yi. A turamen farko Auta ya zuba masa naushi ba adadi, amma kamar mai dukan katifa. Saurin nan nasa kuma ƙibar ta cinye rabinsa. Can sai mutumin ya same shi da guda ɗaya a gefen kai, ya zube.

A nan ne na yi wautar da ta fi ta farko. A dambenmu in ka faɗi an gama, an raba ku, ka tafi ka sha ruwa. Ban yi tunanin cewa a nasu in ka tashi dukan ci gaba zai yi ba. Na miƙe tsaye ina ihu, "Tashi, Auta! Tashi, ɗan mahauta!" Ya ji muryata, ya tashi. Sau uku yana faɗuwa ina tashe shi. A na huɗu ne alƙalin wasa ya rungume shi ya tsayar.

Bai ƙara komawa daidai ba. Ciwon kai ya kama shi, hannunsa ya fara ɗan rawa. Ya gwada komawa tsohon ajinsa, jiki ya ƙi. Ya dawo Katsina ya yi aure, ya kafa teburinsa kusa da nawa, muka yi ta sayar da nama kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini kai ka jawo mini ba. Ni kuma maimakon in ji kunya, sai na mayar da faɗuwar tasa hujja. In an tayar da zancen sai in ce, "Ai kun gani. Ranar da ya haɗu da namiji, me ya faru?" Yanzu na gane abin da nake yi. In har na yarda gwani ne, to dole in yarda ni na lalata gwani. Shi ya sa na riƙe maganata da hannu biyu.

Mutum ɗaya ne a majalisar bai taɓa bar mini ba. Wani mutumin Filato ne, Kirista, ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canjin aiki daga Kaduna zuwa nan, ya zauna a Kambarawa har ya yi ritaya. A wajena yake sayen nama, daga nan muka saba, ya zama ɗan majalisa. Lokacin yana Kaduna yana saurayi, duk wasan da Auta zai yi sai ya je. Sarkin Fawa yake ce mini don tsokana, alhali ko mai unguwa bai taɓa naɗa ni komai ba.

"Sarkin Fawa, ba ka san abin da kake faɗa ba," haka zai ce. "Ƙanenka a ajinsa ba shi da na biyu."

"Sarkin 'yan tsaki ke nan," in ce. "Kai da ba ka taɓa ɗaura zare ba, mi ka sani a dambe? Biro ka sani."

Telan da ke zama da mu ya ce, "Ku bar shi, shi ma ai ajin marasa nauyin ne. Iska mai ƙarfi in ta taso sai mun riƙe shi."

A yi dariya, zance ya watse. Kullum ni ke cin gardamar, don na fi shi murya.

Bara ne Auta ya fara ɓacewa. Ba fita yake yi ya ɓata ba, a zaune yake ɓacewa. Wata rana yana nan sarai, ya gane kowa, har ya yi barkwanci. Wata rana ya kalli matarsa ya tambaye ta ko Inna ta dawo daga unguwa, Innar da ta rasu tun tuni. Likita ya ce tsufa ne, kuma dukan da ya sha a kai bai taimaka ba. Ya ce ranakun da yake nan za su yi ta raguwa.

Wata Asabar da hantsi babbar ɗiyarsa ta zo gidana. Malamar makaranta ce, mai 'ya'ya huɗu, mace mai natsuwa. Bayan mun gaisa, na tambayi maigidanta da yara da jikin babanta, sai ta buɗe jaka ta fito da tsohon hoton nan na jarida, ya yi ja, gefensa ya gutsure.

Ta ce, "Baffa, a akwatin Baba na samu. Na so in kai a gyara shi a ƙara masa girma, in rataya masa a ɗaki, ko zai riƙa tuna wani abu. Da na nuna masa sai ya ce in mayar."

"Don mi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce, Yaya ya ce ban buge kowa ba."

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Baffa, ranar nan bai gane ni ba. Sunana ya ɓace masa. Amma wannan maganar bai manta ba. Ni ba faɗa na zo yi ba, kai ubana ne. Tambaya na zo yi. Yarana suna tambayata ko kakansu gwani ne, ni kuma ban gani ba. Kai ka gani. Gwani ne ko ba gwani ba ne?"

Wasa ɗaya na taɓa gani, shi ne wanda ni na jefa shi ciki. Duk sauran, waɗanda ya ci, ban taka ko ɗaya ba. Shekara arba'in ina yanke hukunci a kan abin da ban kalla ba. Na ce mata ta ba ni kwana biyu.

Washegari bayan an taso daga coci na hau Keke Napep zuwa Kambarawa. Mutumin Filato ya yi mamakin ganina, don ban taɓa zuwa gidansa ba sai da dalilin suna ko ta'aziyya. Matarsa ta kawo mana kunun gyaɗa. Na ce masa yau ba gardama na zo yi ba, ya faɗa mini mutanen da Auta ya buge, ɗaya bayan ɗaya, zan yi shiru.

"Kai za ka yi shiru?" ya ce. "Bari in kira maƙwabta su shaida."

Amma da ya ga fuskata sai ya ajiye kofinsa. Ya ba ni labarin wani soja bahago da kowa ke gudu, wanda Auta ya yi ta zagayawa har sojan ya fara dukan igiya. Ya ba ni labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga gabas mai kai kamar dutse, da suka yi turmi bayan turmi ba wanda ya ja da baya. Ya ba ni labarin wani ɗan Ghana da aka kawo musamman don ya karɓe ɗamarar, ya koma hannu wofi.

Sannan ya ce, "Ka duba kasuwa, Sarkin Fawa. Ƙattai nawa kake gani, ƙanana nawa? A ƙasar nan ƙananan mutane sun fi yawa. Ajin ƙanenka shi ne ya fi cunkoso, duk mai yunwa da zuciya a can yake. Ƙato yana iya cin kambu bayan ya ture mutum kaɗan. Shi sai da ya ratsa gari guda."

Na ce, "Amma mu a namu ba a aunawa."

"Ba a aunawa?" Ya dube ni. "Tsakaninka da Allah, duk wanda ya miƙo maka hannu a fage fita kake yi?"

A hanyar dawowa amsar ta yi ta bina. Sau nawa wani zai miƙo mini hannu, in yunƙura, babbanmu ya dafa kafaɗata ya ce, zauna, wannan ba naka ba ne? Ashe mu ma muna awo, sai dai namu a ido yake, ba a ganinsa. Har ƙaton nan da na kashe, in zan faɗi gaskiya, ya fara tsufa, kuma ya riga ya yi karawa biyu a ranar kafin ya zo kaina. Babbanmu ya ga ƙafarsa na rawa, shi ya sa ya tura ni. Na san haka tun ranar. Ban dai taɓa sa shi a cikin labarin ba.

Na gaya wa ɗiyar Auta duk ranar da babanta ya tashi yana nan, ta buga mini waya. Kwana huɗu muna jira. A cikin kwanakin nan ban iya cin abincin kirki ba, ina tsoron kada ya zama ranakun sun riga sun ƙare. Ranar Alhamis ta bugo. Na biya na ɗauki mutumin Filato muka tafi.

Mun same shi a tsakar gida kan tabarma, an jingina shi da matashi. Ya gane mu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyalina kowa da sunansa. Na zauna kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa.

Na ce, "Auta, na ji labarin sojan nan bahago."

Idonsa ya yi haske. Hannunsa mai rawa ya ɗaga da kansa ya tsaya a gefen haɓarsa, rawar ta ragu. "Wannan," ya ce, "in ka bi ta damarka ka mutu. Ta hagu ake bin sa."

"Ɗan Ghana fa?" in ji mutumin Filato.

"Shi ne ya fi su duka. Ya fi wanda ya kayar da ni nesa ba kusa ba. Wancan ƙarfi ne kawai. Ɗan Ghana kuwa kafin ka yi tunani ya riga ka." Ya yi 'yar dariya. "Har yau ban tabbata ni na ci ba. Alƙalai dai sun ba ni."

Na ce, "Auta, ka saurare ni. Maganar da na faɗa maka a bakin layi, ƙarya ce. Maza ka buge. Ni ne ban je na gani ba. Kuma ni na tura ka inda aka ji maka ciwo, ni na yi ta tashe ka kana faɗuwa. Ka yafe mini don Allah."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka ya ɓace ne. Sai ya ce, "Kullum in na shiga igiya sai na duba ko ka zo."

Hawaye suka zubo mini, ban tare su ba. Matarsa da ke bakin madafa ta juya baya.

"Na yafe, Yaya. Wannan tun yaushe." Ya ɗan gyara zama. "Amma ba a nan ka faɗi waccan ba."

Na gane abin da yake nufi. Bayan la'asar muka riƙe shi, ni a dama, mutumin Filato a hagu, muka taka a hankali har gindin bedi. Rabonsa da majalisa ya fi wata shida. Aka tashi aka ba shi kujera mai majingina. Na jira aka gama gaishe shi, sannan na miƙe tsaye, abin da ba a yi a majalisarmu. Na faɗa musu abin da na faɗa masa, ban rage ba. Na ƙara da gaskiyar ƙatona.

Tela ne ya fara magana.

"To, Alhaji, mun ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ni fa a gardama ban sauka ba. Mutum in gwani ne, ko'ina aka kai shi gwani ne. Ya haura sama an kayar da shi. Ba ni na faɗa ba, a bakinka na koya."

"A bakin jahili ka koya!" na ce. "Kai in aka ba ka ɗinkin tanti za ka iya? Hula ma sai ka yi wata guda."

"Ni hulata ba ta taɓa faɗuwa sau huɗu ba."

Aka fashe da dariya, ni kuwa na waiga da sauri in ga yadda Auta ya ji. Dariya yake yi, har kafaɗunsa na girgiza. Sai na ƙara ƙaimi. Na kawo sojan, na kawo mutumin jirgin ƙasa, na kawo cunkoson ƙananan mutane kamar ni na gano shi, mutumin Filato na gefe yana cewa a dai riƙa faɗin inda aka samo. Da na zo kan ɗan Ghana sai zance ya ɗebe ni, na ce tun a turmi na uku Auta ya shimfiɗe shi, sai da aka yayyafa masa ruwa.

Na ji an ja gefen rigata.

"Yaya," in ji Auta, "kada ka ƙara. Bai faɗi ba. Har ƙarshe muka kai, idona ɗaya a rufe." Ya juya wajen tela. "Malam, ci gaba, ina jin ka. Kana cewa mi?"

Tela ya gyara hularsa ya ci gaba. Ni kuma na koma na zauna kusa da ƙanena, na bar su suna ta yi a kansa har aka kira magariba.